Tsohuwar Ƙira Ko Sabon Yayi: Jirgin Da Ya Dace Da Mai Fara Tsere A Ruwan Yauri

A cikin wasannin da ake yi a bikin Rigata na Yauri, babu wanda ke tara jama'a a bakin Kogin Kwara kamar tseren kwale-kwale. A 'yan shekarun nan, tun da masarautar Yauri ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi da gwamnatin Jihar Kebbi suka sake raya bikin, akan yi shi ne a watan Fabrairu, lokacin da kogin ke cike duk da cewa damina ta daɗe da wucewa. Da an watse, sai a bar samari da yawa a Yelwa da Zamare da Wara da ƙauyukan bakin ruwa na Shanga da ƙudurin cewa baɗi da su za a yi. Daga nan maganar jirgi ke tasowa. Da can ba a yi mata dogon tunani, domin wanda ake kamun kifi da shi, shi ake tsere da shi. Yanzu kuwa iri uku ne a gaban mai saye. Akwai sassaƙaƙƙen jirgi na gungumen itace ɗaya, wanda aka gada kaka da kakanni. Akwai jirgin katako, wanda ya cika tafkin Kainji. Sai kuma jirgin faiba da ake zubawa a masana'anta, marar nauyi, mai sheƙi. Ra'ayina shi ne wanda zai fara tsere, mutum ɗaya ne ko ƙungiyar samarin unguwa, ya nemi ƙirar da ta riga ta zauna a ruwan garinsu, wato jirgin katako mai lafiya, ya bar sabon samfuri sai tafiya ta yi tafiya. Dalilan haka suna da ƙarfi, amma masu ja da wannan ra'ayi su ma suna da hujjojin da suka cancanci amsa.

Kafin a kai ga dalilan, ya kamata a san cewa abin da ake kira tsohuwar ƙira a Yauri a yau shi ma baƙo ne jiya. Sassaƙa jirgi daga itace ɗaya sana'a ce da ta daɗe ƙwarai a ƙasar nan. Jirgin da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai tsawon mita 8 da ɗoriya, masana sun ƙiyasta shekarunsa sun kai 8,000, kuma shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Da irin waɗannan jirage, manya da ƙanana, Gungawa suka riƙe tsibiransu, kuma tarihin baka na masarautar ya nuna cewa asalin Rigata atisaye ne na mayaƙan ruwa da farautar dorina, kafin Turawan mulkin mallaka su hana farautar, abin ya rikiɗe ya zama wasan nuna bajinta. Babban sauyi ya zo da madatsar Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968. Ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, aka tayar da fiye da mutum 40,000 zuwa sababbin matsugunai, kogi ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270. Buɗaɗɗen ruwa mai igiya, da manyan koma da kaya masu nauyi, da ƙarancin manyan itatuwan sassaƙa, su suka sa jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya yi rinjaye. Babu wanda ya kafa doka a kan haka. Masunta ne, Sarkawa da Gungawa da sauran mazauna gaɓa, suka gwada suka ga ya biya, kafintoci suka ƙware a haɗa shi, har ya zama jirgin kowa. Wannan zama jirgin kowa shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa.

Abin da ke sa jirgi gudu

Abubuwa huɗu ne ke yanke gudun jirgin da ake tuƙawa da hannu: tsawonsa, faɗinsa, nauyinsa da santsin jikinsa. Jirgi idan yana tafiya yakan tayar da igiya a goshinsa, kuma yayin da gudu ke ƙaruwa igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A wannan matakin jirgin kamar yana hawan tudun ruwan da shi ya tara ne, duk ƙarfin da aka ƙara kaɗan ne ke zama gudu. Lissafin masu ƙera jirage ya nuna jirgi mai tsawon mita 4 yakan ci karo da wannan shinge a wajen kilomita 9 a awa, mai mita 8 kuwa sai a wajen kilomita 13. Shi ya sa jiragen tsere a ko'ina cikin duniya dogaye ne sirara, domin siririn jirgi igiyarsa ƙarama ce, yana iya keta shingen. Sai dai sirantaka tana zuwa da nata haraji, wato saurin kifewa. Santsi kuma yana da muhimmancin da ba a cika lura da shi ba: gansakuka da ta kama ƙasan jirgi, ko kan ƙusa da ya fito, ko gefen katako da ba a goge ba, duk suna riƙe ruwa. A cikin waɗannan huɗu, tsawo da faɗi suna hannun mai ƙira, ko da me aka yi jirgin. Santsi yana hannun mai jirgi. Nauyi kaɗai ne wurin da faiba ta fi katako a fili.

To nawa wannan fifiko yake? A ɗauka matuƙa goma ne, kowanne kilo 65, jimla kilo 650. A ɗauka jirgin katako kilo 200 ne, na faiba mai girmansa kuma kilo 150. An rage kilo 50 daga 850 ke nan, kusan kashi 6 cikin ɗari. Amma gudu ba ya ƙaruwa daidai da yadda nauyi ke raguwa. Abin da za a samu bai wuce kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari ba, wanda a tseren mita 500 zai ba da tazarar mita 6 ko 7, ƙasa da tsawon jirgin. Ruwa marowaci ne wajen biyan ƙarfi: kafin a ƙara gudu da kashi 10 cikin ɗari sai an ƙara ƙarfin tuƙi da kusan kashi ɗaya bisa uku. Thomas McMahon na Jami'ar Harvard ya nuna a 1971 cewa ko da an ninka yawan matuƙa, aka ƙara girman jirgi daidai da haka, gudun da ake samu bai fi ƙarin kashi 8 cikin ɗari ba. Tsakanin gwanaye biyu da suka yi kunnen doki, mita 6 ita ce nasara, babu musu. Sabon shiga kuwa asararsa ta fi haka nesa ba kusa ba. Jirgin da ke karkacewa da digiri 10 kawai daga saitinsa ya ƙara wa kansa kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tafiyar, ya cinye duk ribar faiba tun kafin a zo maganar filafilai da ba sa shiga ruwa lokaci ɗaya, ko tashin farko da aka yi a makare, ko ƙarfin da ya ƙare a rabin hanya. Kuɗi ba sa sayen ko ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare, sai yawan shiga ruwa.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi

Dalili na farko kuma mafi girma shi ne cewa mutum ba ya koyon tsere shi kaɗai. Yana koya ne idan akwai jirage irin nasa a dama da hagu, domin a nan ne kawai zai san cewa wanda ya wuce shi da hannu ya wuce shi. Idan jirginka daban yake da na kowa, nasararka ba ta gaya maka komai, faɗuwarka ma haka, kuma ba abin mamaki ba ne alƙalan gasa su ce ba za ka jeru da sauran ba. Ƙasashen da suka daɗe da tseren ƙananan jiragen da iska ke turawa da ƙyalle sun sha wannan muhawara, kuma akwai darasi a yadda ta kaya. Jirgin da ake kira Laser, na mutum ɗaya, wani ɗan Kanada mai suna Bruce Kirby ne ya zana shi, ya shiga kasuwa a 1971, an ƙera fiye da 200,000, kuma tun 1996 ake gasar Olamfik da shi. Nauyin jikinsa kusan kilo 59 ne. A 2014 wani kamfanin Ingila ya fito da RS Aero, mai kusan kilo 30, rabin nauyin wancan. A 2019 hukumar wasan ta duniya ta gwada jirage huɗu a Valencia ta Sifen don zaɓar na Olamfik ta 2024, kuma kwamitin gwaji ya ba sabon jirgin maki mafi yawa. Duk da haka, da aka zo ƙuri'a a watan Mayun wannan shekarar, wakilai suka bar wa Laser matsayinsa. Babban abin da ya rinjaye su shi ne tsohon jirgin yana ko'ina, har a ƙasashe marasa ƙarfi, ana samun na hannu da araha, kuma kowane mai koyarwa ya san shi.

A lura cewa Laser ɗin nan shi kansa na faiba ne. Ke nan abin da ya cece shi yaɗuwarsa ce, kayan da aka yi shi da su ba su shigo cikin lissafin ba. Haka labarin Optimist yake, ɗan ƙaramin jirgin yara mai kama da akwati, wanda Clark Mills ya zana a Florida ta Amurka a 1947 don uba ya iya haɗa wa ɗansa da falankin katako mai araha. Ba shi da gudu, ba shi da kyan gani, amma har yau da shi yaran duniya ke fara tsere, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ci lambobin Olamfik a cikinsa suka tashi. Idan aka dawo da wannan ma'auni gida, tambayar da mai saye zai yi wa kansa mai sauƙi ce: idan na fito da jirgina ranar Juma'a da yamma a gaɓar Yelwa ko ta Wara, jirage nawa irinsa zan samu mu gwada? Amsar a yau tana wajen jirgin katako. Kowane gidan masunta yana da shi, kowane dattijon da zai iya gyara maka zama da riƙon filafili a cikinsa ya girma, ya san inda ake ɗora mai nauyi da inda ake ɗora marar nauyi, ya san yadda gindinsa ke juyawa idan ruwa ya bugo daga gefe. Wannan ilimi kyauta yake, kuma bai shafi jirgin da ba su taɓa hawa ba.

Dalili na biyu shi ne halin ruwan kansa. Tafkin Kainji ba kududdufin gasa ba ne da aka share. Tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara ruwan kan sauka da kusan mita 10. Yana samun cika sau biyu: farin ruwa na daminar gida, mai laka, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso nan cikin hunturu. Wurin da aka wuce lafiya a Janairu zai iya zama tarko a Mayu, domin itatuwan da ruwa ya rufe a 1968 da yawansu kututturansu suna nan a tsaye. Ga duwatsu a wasu mashigai, ga yashi da ke sauya wuri, ga burugu da kainuwa da ke rufe ido daga abin da ke ƙasa. Sabon matuƙi zai yi karo, wannan ba makawa. Jirgin katako idan ya bugi kututture, abin da yakan faru shi ne katako ɗaya ya tsage ko haɗi ya buɗe, kuma kafintan jirgi na nan kusa da ƙusa da tsumma da kwalta da fallen kwano, kafin la'asar an koma ruwa. Jirgin faiba idan ya fashe yana bukatar ruwan gam na musamman da zaren gilashi, da busasshen wuri, da wanda ya iya aikin. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma ba a kowace kasuwar bakin ruwa ake samunsu ba. Jirgin da ke kife a kan gaɓa yana jiran gyara daga birni ba ya koya wa kowa tuƙi.

Dalili na uku na aljihu ne. Rigata kwanaki kaɗan ce a shekara, ko an haɗa da tseren da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu da na bukukuwan sallah a wasu garuruwa. Sauran watannin fa? Jirgin katako, ko da an yi shi ɗan siriri don tsere, yana iya zuwa duba ƙugiya da taru, ya ɗauko ciyawa, ya tsallakar da mutum biyu ko uku, ya kawo abin da za a saya masa kwalta. Wannan aikin yau da kullum shi ne kuma atisayen da ya fi kowane amfani. Sannan jirgin farko ba ya zama jirgin ƙarshe. Bayan shekara biyu ko uku, ko dai mutum ya gane cewa tsere ba nasa ba ne, ko ya gane ainihin irin jirgin da yake so. A kowane hali zai so ya sayar. Jirgin katako yana da masaya a kowace tashar ruwa daga Shanga har Malale, kuma kowa ya san kimarsa. Siririn jirgin faiba na tsere, wanda ba ya ɗaukar kaya, masayinsa sai wani mai sha'awar tsere da ke da kuɗi a hannu, kuma irinsu ba su da yawa tukuna.

Hujjojin masu ja

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaron rai, kuma babu wanda ya san yankin nan da zai raina ta. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa, fiye da mutum 100 suka salwanta. Bayan wannan da wasu haɗurran da suka biyo baya, Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohi su daina amfani da jiragen katako wajen jigilar fasinja, su koma na faiba da alminiyam, kuma hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun ruwa ta raba rigunan ruwa a garuruwan gaɓa. Mai tambaya zai ce, yaya za a ba matashi shawarar sayen abin da hukuma ke neman kawarwa? Amsar tana cikin abin da jami'an hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida suka faɗa game da haɗarin Wara: lodi ya wuce kima, jirgin kuma ya tsufa ya yi rauni. Waɗannan laifuffukan lodi ne da rashin gyara a babban jirgin haya mai inji. Kwale-kwalen tsere ba ya ɗaukar buhu ko babur, da rana ake tuƙa shi, kusa da gaɓa, a gaban jama'a. Akwai ma abin da ba kowa ya sani ba: faiba ta fi ruwa nauyi, don haka jirginta idan ya cika da ruwa nitsewa yake yi, sai fa in an gina masa rufaffun aljihunan iska ko an cusa masa soso. Jirgin katako marar inji da kaya kuwa yawanci yakan tsaya a saman ruwa ko ya cika, a samu abin riƙewa. Abin da ke ceton matuƙi a kowane irin jirgi shi ne iya iyo, rigar ruwa a jiki, da jirgin ceto a kusa.

Hujja ta biyu ta itace ce. Manyan maɗatai da kawo da ake sassaƙa jirgi ko yanka katako mai ƙarko da su sun yi ƙaranci, har a 2022 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa su cikin itatuwan da sai da izini ake cinikinsu tsakanin ƙasashe. Katako yana ƙara tsada, wanda ake samu kuma sau da yawa bai kai na da ƙwari ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ban ce a koma wa sassaƙaƙƙen jirgi ba, duk da cewa ya fi kowanne tsufa. Sassaƙa jirgi ɗaya na cinye babbar bishiya sukutum, mafi yawanta ta tafi a ɓarɓashi, alhali idan aka yanka ta katako za ta ba da jirgi fiye da ɗaya. Sassaƙaƙƙen jirgi mai zagayayyen ƙasa kuma ya fi saurin juyewa da wanda bai saba ba, idan ya tsage a tsaye gyaransa da wuya, masassaƙan da suka iya shi suna raguwa. Wurinsa a Rigata wurin girmamawa ne, a ba shi rukuninsa don kada sana'ar ta mutu. Amma ga mai farawa, hanyar da ta fi sauƙi ga daji da aljihu ita ce sayen jirgin katako na hannu mai lafiya, wanda ba a sare sabuwar bishiya dominsa ba. Ƙarancin itace zai iya sa faiba ta yi rinjaye nan gaba, sai dai mai sayen jirgin bana da ruwan bana zai yi tsere.

Hujja ta uku ta masu dogon buri ce. Tseren kwale-kwale wasa ne na Olamfik, kuma Nijeriya ta fara leƙa shi: Ayomide Bello ta wakilci ƙasar a gasar Tokyo, ta sake zuwa ta Paris a 2024 tare da Beauty Otuedo. Jiragen da ake wannan gasa da su sirara ne ƙwarai, na mutum ɗaya tsawonsa bai wuce mita 5.2 ba, nauyinsa ƙasa da kilo 20. Me zai hana yaron Yauri, wanda ya buɗi ido a ruwa, ya fara da irinsu tun yanzu? Babu abin da zai hana, idan akwai ƙungiya da mai koyarwa da jirage da yawa iri ɗaya, kuma samar da su aikin hukumar wasanni ta jiha ne da tarayyar wasan ta ƙasa. Ba abu ne da matashi zai ɗora wa kansa da kuɗin kifinsa ba. Abin da masu neman 'yan wasa ke dubawa shi ne ƙarfin kafaɗa da baya, dogon numfashi, daidaiton jiki a kan ruwa da sanin yadda filafili ke kama ruwa, kuma duk ana samunsu a jirgin katako. Wani abin lura shi ne hatta a wannan mataki doka ta ƙayyade iyakar tsawon jirgi da mafi ƙarancin nauyinsa, don kada mai kuɗi ya sayi nasara a shago. Manyan gasannin duniya ma sun yarda cewa matuƙi ake son aunawa.

Tsohuwar ƙira daban, ruɓaɓɓen jirgi daban

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba da wadda ta lalace ba. Kuskuren da ya fi kama mai farawa shi ne ya ji an ce tsohuwar ƙira, sai ya je ya kwaso jirgin da mai shi ya gaji da kwarfe masa ruwa. Kada a sayi jirgi a cikin ruwa kawai, a sa a jawo shi tudu a kife shi. A tsaya a goshinsa a saita ido zuwa gindinsa: idan ya murɗe ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kumbura, zai riƙa ja gefe har abada, matuƙin baya ya ƙare ƙarfinsa wajen gyara hanya. A bi katakon ƙasa da tsinin wuƙa, musamman wajen haɗe-haɗe da inda ruwa ke kwanciya, duk inda wuƙa ta shige ba gardama ruɓa ta kama. A duba kewayen kawunan ƙusoshi, domin baƙin zobe mai laushi alama ce ta tsatsa ta ci itacen. A ƙirga faci, a tambayi dalilin kowanne. Sannan a mayar da shi ruwa, duk waɗanda za su tuƙa su shiga, a ga yawan gefen da ya rage a sama, a tuƙa shi da ƙarfi a ga ko jikinsa na lanƙwasa, a kuma duba yawan ruwan da ya shigo bayan rabin awa. Sabon shiga ya je da dattijon da ya san jirgi, zai fi kyau idan ba ɗan'uwan mai sayarwa ba ne.

Idan sabo za a haɗa, a gaya wa kafinta gaskiyar matsayin matuƙan. A nemi tsawo, amma kada a matse faɗi fiye da abin da za su iya zama a kai hankali kwance, domin matuƙin da ke tsoron kifewa rabin ƙarfinsa yake bayarwa. A nace a kan busasshen katako, saboda ɗanye yana ƙanƙancewa ya buɗe haɗi. Bayan saye kuma sai kula. Katako na shan ruwa ya yi nauyi idan ya daɗe a jiƙe, idan kuma aka bar shi a rana da iskar hunturu sai ya bushe ya tsattsage, don haka inuwa ce wurinsa, a ɗora shi a kan itace kada ya taɓa ƙasa gara ta samu hanya. A kankare ƙasansa, a goge, a shafa fenti. Kuɗin da aka rage ta hanyar barin faiba a sa su a filafilai masu tsawo da nauyi iri ɗaya da rigunan ruwa na kowa da kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙungiyar da ta sami jirginta tun ƙarshen damina ta yi wata uku ko huɗu tana fita tare ta fi wadda ta karɓi sabon jirgi ana saura mako guda.

Ranar faiba za ta zo, kuma hanyar da ta dace ta zo ita ce a jere, jirage da yawa lokaci ɗaya. A tseren jiragen dodo na ƙasar Sin, wanda ya yaɗu a duniya, yawanci masu shirya gasa ne ke kawo jirage iri ɗaya daga mazubi ɗaya, ƙungiyoyi su zo da matuƙansu kawai. Idan gwamnatin Kebbi ko HYPPADEC ko wani mai hali ya samar wa Rigata jiragen faiba goma ko goma sha biyu masu awo ɗaya, aka koya wa kafintocin Yelwa da Wara gyaransu, aka ajiye kayan gyaran a gari, to duk dalilan da na kawo za su koma bayan faiba, kuma shawarar za ta sauya. Kafin nan, akwai abin da kwamitin bikin da sarakunan ruwa za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: su raba tsere rukuni-rukuni, na sassaƙaƙƙen jirgi daban, na katako daban, na faiba daban, su ƙayyade tsawo da yawan matuƙa na kowane rukuni, su sanar tun watanni kafin biki, su kuma wajabta rigar ruwa da jirgin ceto. Matashin da ya san awon da za a karɓa ba zai zuba jarinsa a jirgin da za a hana shi jerawa da shi ba. Shi kuwa mai shirin sayen jirginsa na farko a bana, ya zagaya gaɓar garinsu ya ga irin jirgin da ya fi yawa, ya nemi mai lafiya a cikin irinsa, ya sayi rigar ruwa, ya fara fita tun yanzu.